Ɗan Barewar da Ka Tsinta Ba Lallai Maraya Ba Ne

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Gumel, daga Gagarawa Tasha zuwa Sule Tankarkar har Maigatari, yara masu kiwo da masu zuwa gona sukan dawo gida da abubuwan da suka tsinta: ɗan zomo, ɗan tsakon shamuwar da iskar hadari ta kaɗo daga sheƙa, wani lokaci ma, ko da yake ya yi wuya yanzu, ɗan barewa. Galibinsu tausayi ne ya sa suka ɗauko. A ra'ayina, wannan tausayin ne yakan kashe yawancin waɗannan halittu, domin an yi shi ba tare da sanin ɗabi'arsu ba.

Mu fara da ɗan da aka samu kwance shi kaɗai. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a kwanakinsa na farko ɗan barewa ba gudu ne makaminsa ba, lamo ne. Uwar da gangan take barinsa cikin ciyawa ta yi nesa, don kada motsinta ya jawo masa dila ko kare, sannan ta riƙa komowa tana shayar da shi. Zomanya ta fi ta ma: mintoci kaɗan take yi da 'ya'yanta a wuni. Saboda haka wanda ya ga irin wannan ɗa ba jini, ba karaya, ba ƙudaje a jikinsa, ya wuce abinsa, ya kuma janye karensa. Idan aka kai shi gida aka ɗura masa nonon shanu ko koko, gudawa ce za ta biyo baya. Tsoron mutane kaɗai yana iya lalata tsokar dabbobi dangin barewa har su mutu bayan kwanaki.

Shamuwa kuwa baƙuwa ce da ke zuwa mana gab da damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ta cinye mana fara, sannan ta koma kudancin Afirka da kaka. Tsakonta da ya faɗo, in sheƙar na kaiwa, a mayar da shi. Zancen da ake yi cewa uwar tsuntsu takan ƙi ɗanta idan ɗan Adam ya taɓa shi ba gaskiya ba ne. Haka nan tsakon mujiya, wanda camfi ya sa yara ke jifa, alhali uwarsa ce ke rage mana ɓerayen rumbu.

To, idan raunin na gaske ne fa? Abin da dabbar take buƙata shi ne duhu da shiru. A lulluɓa mata zane a ka, a sa ta cikin kwali mai hudoji, a ajiye a inuwa, a kori 'yan kallo. A kiyayi bakin shamuwa da zalɓe, don ido suke nufa, a kiyayi faratan shaho da shirwa. Kada a buɗe bakin tsuntsu a ɗura masa ruwa: ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ruwan huhu zai tafi. Daga nan sai a nemi malamin dabbobi ko malamin daji na ƙaramar hukuma, ta hannun mai unguwa in ta kama. Na san ba mu da asibitin namun daji a kusa, amma wannan bai mayar da kasuwa asibiti ba. Ungulun da aka kai wa masu tsibbu ba za ta sake tashi ba, ga shi tun 1985 Nijeriya take da dokar hana fataucin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kuma a 2015 aka sanya ungulun nan tamu ta mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Akwai kuma inda bai kamata a kai hannu ba sam. Dila ko yanyawar da ta daina tsoron mutum, ko jemagen da ke kwance a ƙasa da rana, ana iya samunsu da ciwon haukan kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Tsuntsaye da yawa matattu a wuri ɗaya kuwa rahoto suke buƙata, ba tukunya ba. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna.

Ina roƙon malaman kimiyya na sakandare su ƙara wa ɗalibai abu guda. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda yankinsa na Baturiya ya shiga yarjejeniyar Ramsar a 2008, masauki ne na tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai, kuma wasunsu kan faɗi a gonakinmu saboda gajiya. Idan an ga zobe a ƙafar ɗayansu, kada a yanke ƙafar. A kwafe lambar da adireshin da ke jiki, a rubuta rana da sunan garin, a aika. Da irin waɗannan rahotanni ne masana suka zana taswirar hanyoyin ƙaurar tsuntsaye.