Kukan Jariri Ya Tsai Da Bindiga A Sinima, Ban Da Tegina

Masu cewa fim ɗin Children of Men na 2006 tatsuniyar Turawa ce kurum ba su dube shi da idon basira ba. Alfonso Cuarón ya nuna Ingila a shekarar 2027, an yi shekara 18 ba haihuwa a duniya, gwamnati kuma na cusa baƙi cikin keji tamkar kajin kasuwa. Ɗan Kontagora mai ci-rani a Badun, wanda ya ga yadda aka ƙone kasuwar Shasha a 2021, ba ya bukatar tafinta.

Amma inda fim ɗin ya fi ƙuna shi ne sansanin baƙi na Bexhill. Ana tsakiyar ɓarin wuta sai kukan jaririyar wata baƙuwa 'yar Afirka ya tashi, soja da 'yan tawaye suka sauke bindiga, wasu har da durƙusawa. Jaririya ɗaya tak! A Tegina kuwa, kan hanyar Kontagora, cikin Mayun 2021 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 100 daga makarantar Islamiyya. Kusan wata uku suna daji, iyaye na sayar da abin hannunsu don haɗa kuɗin fansa, mahukunta na ta zuba sanarwa. Wa ya sauke bindigarsa saboda kukan waɗannan?