Tiger Woods: Mene ne ya rage wa gwarzon golf?

Tun bayan da aka yi wa Tiger Woods tiyata a agarar ƙafa a watan Maris na 2025, masu sharhi kan wasan ƙwallon lambu, wato golf, suke ta muhawara a kan ko zamanin ɗan wasan na Amurka ya wuce ke nan.

Woods, wanda aka haifa a jihar Kalifoniya a shekarar 1975, ya lashe manyan gasanni 15, yayin da Jack Nicklaus yake da 18. Wannan giɓi na uku shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi.

Tarihin da ya kafa

A shekarar 1997 ne, yana da shekaru 21, ya lashe gasar Masters da ratar bugu 12, inda ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofunan golf huɗu.

Muhimmancin nasarar ya zarce batun wasa. Sai a 1961 ne ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka ta soke dokar da ta keɓe zama mamba ga fararen fata, kuma sai a 1990 ne kulob ɗin Augusta, mai shirya gasar, ya karɓi baƙar fata na farko a matsayin mamba.

Daga shekarar 2000 zuwa 2001 kuwa, Woods ya lashe manyan gasannin huɗu a jere.

Koma-baya

Sai dai a ƙarshen 2009 asirinsa ya tonu game da cin amanar aure, lamarin da ya kai ga mutuwar aurensa a 2010, sannan kamfanoni irin su Accenture da AT&T suka yanke hulɗa da shi.

Daga nan ciwon baya ya sa shi a gaba. An yi masa tiyata sau da dama, kafin ya ba duniya mamaki da sake lashe gasar Masters a 2019.

Amma hatsarin motar da ya yi a kusa da birnin Los Angeles a 2021 ya ragargaza masa ƙafar dama, alhali ɗan wasa kan shafe kwanaki huɗu yana zagaya fili a ƙafa a kowace babbar gasa.

Sabon fage

Ga dukkan alamu kamo Nicklaus zai yi wuya, domin Phil Mickelson, wanda ya lashe babbar gasa a 2021 yana da shekaru 50, shi ne mafi tsufa da ya taɓa yin hakan.

To amma tasirin Woods bai tsaya ga fili ba. Lokacin da asusun zuba jari na Saudiyya ya kafa gasar LIV a 2022, ya ƙi bin sahun taurarin da suka sauya sheƙa, ko da yake shugaban gasar na lokacin, Greg Norman, ya ce an yi masa tayin dala miliyan 700 zuwa 800.

A 2023 aka sanya shi cikin hukumar gudanarwar PGA Tour, abin da ya ba shi ta cewa a tattaunawar da aka shiga da Saudiyya.

Abin jira a gani shi ne ko rawar da zai taka a teburin shawara za ta kai wadda ya taka da sanda.