Ciwon Sukari: Waɗanda Ya Fi Ci Su Ne Bincike Ya Fi Tsallakewa

Duk likitan da ya ɗebi jinin mutum don ya duba ko yana da ciwon sukari, to, akwai mizanin da yake dogara da shi. Wannan mizani kuwa ba daga sama ya faɗo ba. An same shi ne ta awon jinin dubban mutanen da suka yarda aka yi bincike da su. Abin da ya daɗe yana damun masanan kiwon lafiya a ƙasar Amurka shi ne, su wane ne waɗannan mutane?

A can, ciwon ya fi tsanani a cikin baƙar fata, da masu jin Sifaniyanci 'yan asalin Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita, da kuma ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, watau waɗanda ake ce wa Jajayen Indiyawa. Amma in aka buɗe rajistar masu shiga bincike, Turawa ne suka cika ta. Wata ƙididdiga ta 2016 ta nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka binciki ƙwayoyin gadonsu a manyan nazarce-nazarcen duniya masu asalin Turai ne, su kuwa masu asalin Afirka wajen kashi 3 kacal.

Wani zai ce ai jini jini ne. Ba haka abin yake ba ko yaushe. Akwai awon da ake kira HbA1c, wanda ke duba yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini a cikin wajen wata uku. In ya kai 6.5 sai a ce mutum ya kamu. To, akwai masu gadon ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, waɗanda ƙwayoyin jininsu kan mutu da wuri, kafin sukari ya gama manne musu. Irin waɗannan sai awo ya nuna lafiyarsu ƙalau, alhali ciwon yana cinsu. Wannan gado ya yawaita a cikin baƙar fata, kusan babu shi a cikin Turawan da aka fi yin bincike da su. A 2017 masana suka ƙiyasta cewa baƙar fatan Amurka wajen 650,000 masu ciwon sukari ne awon zai iya tsallakewa in da shi kaɗai aka dogara.

Masu bincike kan yi kukan cewa sun yi kira ba a zo ba. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu zai yi. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar Amurka ta zuba wa baƙar fata 399 masu ciwon tunjere ido a Tuskegee, aka hana su magani ko bayan da aka samu allurar fenisilin, don kawai a ga yadda ciwon ke ƙarewa. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara.

Labarin ƙabilar Havasupai shi ya fi kusa da batun nan. Mutane ne 'yan ɗaruruwa da ke zaune a ƙasan wani ƙaton kwazazzabo a Jihar Arizona. Da ciwon sukari ya addabe su, su da kansu suka nemi taimako, suka ba masanan Jami'ar Jihar Arizona jininsu tun daga 1990, ko da yake a al'adarsu jini ba abin wasa ba ne. Ashe an ɗauki jinin an yi ta binciken taɓin hankali da shi, da auren zumunta, har da tono asalinsu, aka ce daga Asiya suka fito, saɓanin abin da suka gada daga kakanni. Sai a 2003 wata 'yar ƙabilar ta ji zancen da kunnenta a wani zauren lacca na jami'ar. Suka kai ƙara, a 2010 aka biya su dala 700,000, aka mayar musu da jininsu. Ciwon da suka ba da jini dominsa kuwa yana nan inda yake.

Duk da haka, an ga cewa in an bi ta ƙofa ana buɗewa. A 1993 majalisar Amurka ta kafa doka cewa binciken da hukumar nazarin lafiya ta ƙasar ta ba kuɗi dole ya haɗa da mata da tsirarun al'ummomi. Bayan shekara uku aka fara wani babban gwaji na rigakafin ciwon sukari a cibiyoyi 27, da mutum 3,234, kashi 45 cikin ɗari daga tsirarun nan. Ba zama aka yi a manyan asibitoci ana jiran su ba: an buɗe wuraren awo a garuruwan Indiyawa na Arizona da New Mexico, an kuma yi wa masu Sifaniyanci bayani da harshensu. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna cewa rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, ƙwayar metformin kuma da kashi 31. Saboda an haɗa da kowa, likita na iya gaya wa baƙin mutum cewa wannan shawara ta shafe shi, ba da ka ba.

Nijeriya ba ta tsira daga wannan magana ba, domin gadon G6PD ya yi yawa a ƙasar nan, ga kuma gadon sikila, wanda wajen mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi, shi ma yana rikita wasu na'urorin awon HbA1c. Wani ɗan ƙasar nan, Farfesa Charles Rotimi, ya jagoranci binciken ciwon sukari a cikin 'yan Afirka, har a 2019 suka gano wata ƙwayar gado mai suna ZRANB3 da binciken Turawa bai taɓa hangowa ba. An ɗebi mutanen ne a Ibadan da Ikko da Inugu, da Ankara da Kumasi a Gana, da Eldoret a Kenya. Babu garin Arewa ko ɗaya a ciki. Duk kuwa wanda zai je Kano neman jinin jama'a, zai tarar ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a 1996 ba, kuma da wannan tambaya za a tare shi tun daga zaure.