Mai Haɗa Goge Ya Fi Mai Kaɗa Shi Bukatar Agaji

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya san yadda zuciya ke tsinkewa in aka saka tsohon faifan Garba Supa ko na Haruna Uji. Kowa sai ya yaba wa makaɗin. Amma da wuya a ji wanda ya tambayi wane ne ya haɗa kukumar ko gurmin da ke hannunsa, alhali kuwa nan ne sana'ar ke mutuwa.

A ɗauki unguwar Shagari Low Cost ta Yola, watau gidajen nan masu sauƙin kuɗi na zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, 1979 zuwa 1983, sa'ad da Yola ke hedkwatar Jihar Gongola. Yau in ana biki a can, ko a ƙetare cikin Jimeta, lasifika ce da fiyano ke tashi, kamar dai sauran biranen Arewa. Ga shi kuwa ƙasar Adamawa gidan molo ce da garaya da goge, wanda Fulanin wurin ke kira gegeru.

Haɗa goge ba aikin yini guda ba ne. Sai an sami ƙwarya mai kauri wadda ta bushe sarai, a jiƙa fatar guza ko ta damo, a ɗaure ta bisa bakin ƙwaryar tun tana da laima, don in ta bushe ta ɗame. A huda kafar da sauti zai fita, a soka sanda, a ja tsirkiya ta gashin wutsiyar doki bisa ɗan icen da ake kira jaki. Bakan ma izgar doki ce, ana goga mata ƙaro don ta kama. In fatar ta saki, kamar yadda takan yi a damshin Ikko, sai an shanya ta a rana ko an kara ta da wuta. Ba littafin da ke koyar da wannan. Yaro ne ke zama gaban maigidansa shekara da shekaru, har kunnensa ya san ƙwaryar da za ta yi murya.

To, ina yaran? Iyaye sun hana su, don an daɗe ana haɗa goge da bori da gidan magajiya. Lalle akwai gaskiya a tarihin. Sai dai ƙwarya da fata ba su san bori ba. Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talakawa nasiha har ya zaga duniya, ba wanda ya ce ya ɓata tarbiyya.

Mutanen Tailan suna da irin gogensu mai tsirkiya biyu, ana ce masa so-u, na ƙoƙon kwakwa da fatar saniya. Su kam sun shigar da shi makarantu da jami'o'i, har da ranar girmama malaman kiɗa kowace shekara. Muddin ɗalibai na saye, mai haɗawa ba zai rasa abinci ba.

Ya kamata Hukumar Al'adu ta Jihar Adamawa da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola su nemo tsofaffin da suka rage, a yanka musu albashi, a ba su almajirai. Amma kada 'yan ci-rani su jira gwamnati. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kudu suna kashe maƙudan kuɗi wajen bikin Salla da naɗin sarauta. In kowace ta gayyato mai goge ko mai garaya daga gida sau ɗaya a shekara, ta biya shi kuɗin mota da lada mai tsoka, ta kuma yi odar sabon goge daga hannun wanda ya haɗa nasa, kuɗin zai isa har ga mai noman duma da mai jima.