FILIN NOMA DA KIWO: Ruwa ba ya tsami banza

Yau zancenmu na kifi ne. Ba na tabkin Madarunfa ko na Tabalak ba, wanda Allah ke kiwo, a'a, wanda ƴan kasuwa da ma'aikata ke kiwo cikin kwamin siminti a bayan gida, suna fatan ya zamar musu abin dogaro bayan ritaya.

A bazarar bana wani aminina ma'aikaci a Maraɗi ya kira ni in ga abin da ya same shi. Tarwaɗarsa na ta mutuwa, jiki duk jajayen gyambuna, ciki a kumbure. Maƙwabci ya ce ya zazzage kafso cikin ruwa, dattijon unguwa ya ce ya jiƙa ganyen bedi. Ya yi duka biyun, mutuwa ba ta tsaya ba. Da na sunkuya bakin kwamin, wari ne ya tarbe ni. Sati biyu ba a sake ruwan ba.

Ga yadda lamarin yake. Ƙwayar cutar da ke kawo irin wannan gyambo, wadda masana ke kira Aeromonas, kullum tana cikin ruwa, amma ba ta cika kayar da kifi mai ƙarfi ba. Sai zafi ya tsananta, iska ta ragu cikin ruwa, kashi da ragowar abinci sun ruɓe, kifi ya yi cunkoso, sannan ta samu ƙofa. Haka Streptococcus ke yi wa karfasa lokacin zafi: ido ya fito, kifi ya yi ta juyi kamar mai hajijiya.

Maganin asibiti irin su oksitetrasiklin yana kashe waɗannan ƙwayoyi, babu gardama. Amma yana da ƙa'ida. Cikin abinci ake gauraya shi, bisa nauyin kifi, kwana 10 cur. Kifin da ciwo ya ci ƙarfinsa kuwa ba ya cin abinci, don haka jinkiri asara ne. A Amurka, doka ta hana a sayar da tarwaɗar da ta ci wannan magani sai bayan kwana 21. Mu nan, wa ke ƙirgawa? Kifin ya tafi kasuwa, maganin ya biyo shi cikin tukunyarmu.

Babban haɗarin shi ne, maganin da aka ba rabi-rabi yana koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Binciken da mujallar likitoci The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna. Ranar da ɗanka ya kwanta, magani ya ƙi ci, ba za ka tuna da kwamin kifi ba.

To, na gargajiya fa? Tafarnuwa, citta da zogale, in an sa su cikin abinci daidai wa daida, gwaje-gwaje sun nuna suna ƙara wa kifi ƙarfin jiki. Amfaninsu na rigakafi ne. In annoba ta riga ta shiga, ba su da saurin tare ta. Bedi kuwa, in ya yi yawa, shi kansa guba ne ga kifi.

Mu dubi Norwe, ƙasar da ta shahara a kiwon kifi. Daga 1987 ta rage amfani da irin waɗannan magunguna da kusan kashi 99 cikin 100, ta hanyar allurar rigakafi da tsabta.

Saboda haka, mai kiwo, in ka ga mutuwa, fara da ruwa. Sake shi, rage abinci, rage cunkoso, kwashe matattu ka binne. Sabbin ƴaƴan kifi, ware su kafin ka haɗa da na gida. In abin ya ci gaba, nemi likitan dabbobi, ka rabu da mai tallan magani a faranti.

Aminina ya sake ruwa, saura sun rayu. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.