SHARHI: Raunin Da Ba A Gani Da Ido

Tun daga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na Kaduna a 2000, da na Jos a 2001, har zuwa ta'asar Boko Haram da ta ɓarke a 2009, ikilisiyoyinmu sun sha binne gawawwaki. An sāke gina majami'u da gidaje. Amma akwai raunin da siminti ba ya gyarawa: wanda ya tsira da ransa, ga shi ba ya barci, ko ƙofa aka buga sai ya zabura, a mafarki kuma abin ya riƙa dawo masa kamar yau ya faru.

Likitocin Amurka ba su sa wannan ciwo cikin kundinsu ba sai a 1980, bayan sun ga halin da sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suke ciki. Suna kiransa PTSD, wato ciwon firgici bayan masifa. Cikin masanan da suka faɗaɗa wannan ilmi akwai Dakta Judith Herman ta Jami'ar Harvard. A littafinta mai suna Trauma and Recovery, wanda ya fito a 1992, ta nuna cewa ciwon sojan da ya dawo daga fagen daga, shi ne ke damun matar da miji ke duka, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Ta ƙara da cewa wanda ya daɗe a hannun azzalumi, babu hanyar gudu, nasa ciwon ya fi zurfi, don yakan daina yarda da kowa, har ya riƙa ganin kansa ba a bakin komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan nau'in cikin kundinta na cututtuka wanda ya soma aiki a 2022.

Abin da ya fi shafarmu shi ne matakai uku na warkewa da ta tsara. Na farko, mutum ya sami tsaro da kwanciyar hankali. Na biyu, ya ba da labarinsa sa'ad da ya shirya, ya yi makokin abin da ya rasa. Na uku, ya koma cikin jama'a.

To, 'yan'uwa, a nan ne gizo ke saƙa. Sau da yawa akan juya tsarin. Yarinya ta kuɓuta daga hannun masu garkuwa, ranar Lahadi sai a tsai da ita gaban taro ta ba da shaida. An kashe wa mace miji, kafin hawaye ya bushe an ce ta gafarta ta manta. Wanda ke firgita da dare kuwa, a ce aljanu ne ko ƙarancin bangaskiya. Gafara umarni ce, ba mu musu, amma ba a ɗinke gyambo da ruɓa a ciki. Mu tuna abokan Ayuba: kwana bakwai suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa Ubangiji ya tsauta musu.

Saboda haka muna kira ga fastoci, da dattawa, da zumuntar mata, su fara da abinci, da wurin kwana, da riƙon asiri. Kada a tilasta wa kowa magana. Wanda abin ya yi wa tsanani, musamman mai zancen kashe kansa, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna ko Maiduguri, ko mafi kusa, ana addu'a ana magani. Makarantun Littafi Mai Tsarki kuma su sa wannan darasi cikin karatun masu aikin bishara.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna ɗauke da irin wannan rauni. Kada mu ware su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya warkar da masu karyayyar zuciya, amin.