TAURARIN WAJE: Jarumin da ke ɓoye sunansa ranar tsere

Duk wanda ya duba takardar sunayen direbobi a filin tseren motoci na Lime Rock da ke Jihar Connecticut ta Amurka, a shekarun 1970 zuwa 2000, zai riƙa cin karo da wani suna a tsakanin sunayen likitocin haƙori da dillalan motoci da masu gareji: P.L. Newman. Ba hoto, ba kirari. Sai mutum ya taka zuwa inda ake ajiye motocin kafin ya gane ashe Paul Newman ne, jarumin Butch Cassidy and the Sundance Kid da The Sting, mutumin da furodusoshi ke layi a ƙofarsa. Da gangan ya taƙaita sunan. Ba ya son a ce ga ɗan fim nan ya zo yin burga.

Fim ne ma ya jefa shi cikin harkar. A 1969 ya fito a wani fim mai suna Winning a matsayin direban tsere, tare da matarsa Joanne Woodward da Robert Wagner. Kafin a fita lokeshin sai aka tura shi makarantar tuƙi ta Bob Bondurant domin kada ya ba da kunya a gaban kyamara. An gama fim, kowa ya kama gabansa, amma gogan naka ya riga ya kamu. A 1972 ya shiga tserensa na farko a Thompson, nan cikin Connecticut, da wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Lotus Elan. Shekarunsa 47. A wannan sana'a, wannan shekarun ritaya ne.

Ya kamata mai karatu ya gane irin tseren da ake magana. Ba irin na Schumacher ba ne da ake nunawa a satalayit, inda kamfani ke biyan direba miliyoyi. Wannan na 'yan kulob ne, masu yi don sha'awa. Babbar ƙungiyarsu a Amurka ita ce SCCA, wadda aka kafa a 1944. Kai za ka sayi motarka, kai za ka biya kuɗin shiga, kai za ka sayi taya da fetur, in ta lalace kai da aljihunka. In ka ci, abin da za ka tafi da shi gida kofi ne. Kuma ba a shiga haka kawai don kana da kuɗi ko suna. Sai likita ya duba ka, sai ka halarci makarantar direbobi ta ƙungiyar, a ba ka takardar ɗan koyo, ka yi wasu tsere ana sa maka ido, kafin a ba ka cikakken lasin. Ta wannan ƙofa kowa ke bi.

Ƙarshen makon yakan fara ne da sassafe, motoci na shigowa a kan tirela, wasu an jawo su da akori-kura tun daga wata jihar, mata da 'ya'ya a ciki da kular abinci. Abu na farko rajista. Na biyu shi ne wanda kowane direba ke jin faɗuwar gaba a kansa: binciken mota. Masu binciken ba ruwansu da fuskarka. Za su duba kejin ƙarfen da aka girka a cikin motar don kare direba in ta wuntsila, su duba bel mai igiya biyar ko shida, su duba tukunyar kashe gobara, su tabbatar ba inda mai ke ɗiga. Sannan su koma kan direban: hular kwano, rigar da wuta ba ta saurin ci, safar hannu, takalmi. Ita hular kwanon da bel ɗin har tambarin shekara gare su, in sun tsufa a ce ba za ka hau ba. Mutum zai iya tuƙo awa shida ya zo, a mayar da shi saboda bel. Ba kama ƙafa, ba "ka san ko ni wane ne".

Daga nan sai gwaji. Ana sakin motoci rukuni-rukuni, kowane rukuni 'yan mintuna, direba ya ji lafiyar motarsa, ya tuna inda zai taka birki. Filin Lime Rock gajere ne, mil ɗaya da rabi, wato wajen kilomita 2.4, kwana bakwai, shida daga ciki duk na dama ne, ɗaya tal na hagu. A ido kamar wasa. Amma akwai hawa, akwai wata gangara a ƙarshe da ake shiga da gudu, kuma mota mai ƙarfi ba ta cika minti ɗaya ta zagayo. Saboda gajartar, kuskuren rabin daƙiƙa kan iya mayar da mutum baya da layi biyu ko uku. Wannan shi ne amfanin zagayen tantancewa da ke biyo baya: ana ɗaukar lokacin kowa, wanda ya fi sauri ya tsaya a gaba ranar tsere, mai nawa ya koma wutsiya.

To, daren da ke tsakani shi ne ainihin kulob ɗin. Wanda giyarsa ta ƙi shiga yana kwance ƙarƙashin mota da tocila a baki. Wanda ya ƙone kuloci yana zagaye yana cigiya, kuma sau da yawa wanda zai ara masa shi ne mutumin da za su kara da shi gobe. Ana gasa nama, ana musu a kan iskar taya. Ba mai kula da wanda ya fito a fim. Abin da ake tambaya shi ne, lokaci nawa ka yi? Ga mutumin da ba ya iya shiga gidan abinci ba tare da an yanyame shi ba, ba sai an faɗa ba, wannan wuri hutu ne. Agogo kuwa bai san jarumi ba. A fim darakta ne zai ce ka yi kyau, edita ya gyara inda ka kwafsa, masu sharhi su yi ta jayayya. A nan lamba ce, ko ka yi ko ba ka yi ba, kuma ba a cewa a sake ɗauka.

Wani abin dariya game da Lime Rock: ba a tsere ranar Lahadi. Akwai coci daura da filin, kuma tun 1959 mutanen garin suka samo umarnin kotu da ya hana ƙarar injin tsere a wannan rana. Har yau dokar na nan. Saboda haka yayin da sauran filaye ke yin Asabar da Lahadi, su nasu Juma'a da Asabar ne, komai a matse.

Ranar tsere ana fara wa da taron direbobi, inda shugaban alƙalai ke jan kunne. Sannan a jera motoci bibbiyu, su bi bayan motar jagora a hankali zagaye guda suna ɗumama taya, ita ta kauce, a ɗaga koriyar tuta. Kwanar farko ita ce matattarar rigima, domin motoci ashirin ko talatin ne ke neman hanyar da ba ta wuce ta biyu ba. Tseren kansa bai fi rabin awa ba. Duk wahalar nan, duk kuɗin nan, don rabin awa. Kuma galibi ana haɗa aji daban-daban a fili ɗaya, don haka kana fama da abokin karawarka, ga wata babbar mota ta taso maka ta baya tana neman hanya.

Masu riƙe da rayukan direbobin su ne mutanen da ke tsaye a kowace kwana cikin fararen kaya. 'Yan sa-kai ne, ba a biyansu, rana ko ruwan sama suna nan. Da tuta suke magana. Rawaya: akwai hatsari a gaba, rage gudu, kada ka wuce kowa. Mai ratsin ja da rawaya: an zubar da mai ko wani abu, hanya na da santsi. Shuɗiya mai ratsi: duba madubi, wani na tafe. Baƙa: shigo, alƙalai na nemanka. Ja: kowa ya tsaya. Mai zanen dara baƙi da fari: an gama. Abin mamaki, shi Newman yana da matsalar rarrabe launi, ita ce ma ta hana shi zama matuƙin jirgin sama lokacin da ya shiga sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka ya shafe shekara talatin da biyar a wasan da ake magana da launi.

Ko an gama ba a gama ba. Motocin da suka zo gaba ana tsare su, a ɗora su a sikeli, in an ga dama a buɗe boneti. In motarka ta gaza nauyin da doka ta ce, ko an samu wani ƙari a injin, kofin ya tafi. Wanda kuma ya daki katanga, shi da Allahnsa, domin inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar filin tsere.

Maganar inshora ita ce inda harkar ke karo da industiri. Furodusa ya zuba dukiyarsa a fim, an ɗauki rabi, sai ya ji jaruminsa zai je ya yi gudun mil ɗari da wani abu ranar Asabar. Wa zai yi barci? Kuma tsoron yana da tushe. James Dean ya shiga irin wannan tsere na 'yan kulob a California a 1955, a Palm Springs da Bakersfield da Santa Barbara, har kamfanin Warner ya hana shi yi sai an gama ɗaukar fim ɗin Giant. Yana gama aikinsa ya nufi tseren Salinas da sabuwar Porsche ɗinsa. Bai kai ba. Ranar 30 ga Satumba, 1955 ya yi karo da wata mota a mararraba kusa da Cholame, ya mutu yana da shekara 24. A lura, ba a filin tsere ya mutu ba, inda akwai motar asibiti da masu tuta da kowa na tafiya fuska ɗaya. A kan titi ne, kamar yadda titi ya ɗauke Ahmad S. Nuhu a yankin Azare ranar 1 ga Janairu, 2007. Ikon Allah kuma, rawar ɗan dambe da aka tanadar wa Dean a fim ɗin Somebody Up There Likes Me na 1956, Paul Newman aka bai wa, kuma ita ta fito da shi.

Steve McQueen, wanda suka fito tare da Newman a The Towering Inferno a 1974, shi nasa ya fi zafi. A 1970 ya shiga tseren awa 12 na Sebring da ƙafa a ɗaure, bayan ya karye a tseren babur, shi da Peter Revson suka zo na biyu. Amma da ya so shiga babban tseren Le Mans na Faransa a wannan shekara, lokacin da yake shirya fim mai wannan suna, masu inshora suka ce atafau. Dole ya haƙura.

Shi Newman a hankali ya bi abin, bai yi gaggawa ba. Shekarun farko ana wuce shi, yana koyo. A 1976 ya ci kambun ƙasa na SCCA a ajinsa da mota Triumph TR6. Ya sake ci a 1979 da Datsun ta ƙungiyar Bob Sharp, sannan 1985 da 1986 da Nissan 300ZX. Huɗu ke nan, kuma ba wanda zai ce alfarma aka yi masa. A 1979 ɗin ya je Le Mans, tseren awa 24, su uku a Porsche 935 shi da Dick Barbour da Rolf Stommelen, suka zo na biyu. 'Yan jarida da masu hoto sun takura masa ƙwarai a wannan tafiya, kuma bai sake komawa can tsere ba. A 1995, yana da shekara 70, ya ci ajinsa a tseren awa 24 na Daytona da mota mai lamba 70. A ƙarshen rayuwarsa haka ya riƙa yi, lambar motar ita ce shekarunsa. Da aka tashi yin katun ɗin Cars a 2006, wanda yara suka haddace, muryarsa aka sa wa tsohuwar motar tseren nan Doc Hudson. Ba a yi zaɓen tumun dare ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Rowan Atkinson, wato Mista Bin, wanda ake gani cikin 'yar ƙaramar motarsa yana shirme, a zahiri direban kulob ne na gaske a Ingila. A 2001 ya daki shinge da Aston Martin ɗinsa a filin Croft, a taron kulob ɗin masu irin motar, ya fito lafiya lau. A Indiya kuma akwai Ajith Kumar na finafinan Tamil, wanda ya yi hatsari wajen gwaji a Dubai a Janairun 2025, bayan 'yan kwanaki ƙungiyarsa ta zo ta uku a ajinta a tseren awa 24 na can.

Newman ya ci tsere a Lime Rock a 2007 yana da shekara 82, cikin Corvette ɗinsa, yana karawa da sa'o'in 'ya'yansa da jikokinsa. Bayan nan ciwon daji ya kwantar da shi. A watan Agustan 2008 masu filin suka rufe shi na ɗan lokaci, ba 'yan kallo, ba 'yan jarida, aka fito masa da Corvette ɗin ya yi 'yan zagaye, iyalinsa da makanikansa na wajen. Ya mutu a gidansa na Westport ranar 26 ga Satumba, 2008, yana da shekara 83.